Shin ƙasar da aka haifi mutum ce ke yanka masa hali?

Duk wanda ya saba cin kasuwar Ɗan Isa ko Jibiya, Ƙonni ko Illela, ya sha jin 'yan uwanmu suna cewa mutanen gari kaza ba su da amana, na gari kaza kuwa ko jakar kuɗi ka mance a rumfarsu sai ka tarar da ita yadda ka bar ta. Har wasu kan ce ai ruwan garin ne. Wannan magana ta shafe mu kai tsaye, tun da yake da amana muke cin abinci, kuma manyan masana sun daɗe da tofa albarkacin bakinsu a kanta.

Ibnu Khaldun, wanda aka haifa a Tunis a 1332, ya rasu a Alƙahira a 1406, ya yi bayani a cikin Muƙaddimarsa cewa zafi da sanyi da irin abincin da ƙasa ke bayarwa suna tasiri a kan ɗabi'a. A ganinsa mutanen hamada sun fi na birni jarunta da kusanci ga alheri, domin wahala ta hore su, jin daɗi kuwa bai lalata su ba. Mu 'yan kasuwa ma bai ƙyale mu ba, ya ce yawan ciniki da jayayya a kan farashi na rage wa mutum mutunci. A 1748 wani Bafaranshe mai suna Monteskiye ya sake ɗauko zancen, yana danganta kasala da ƙasashe masu zafi, ƙwazo kuma da masu sanyi.

Sai dai Ibnu Khaldun bai taɓa taka ƙasashen baƙar fata ba, labari ya ji. Ibnu Batuta kuwa ya zo da ƙafarsa. Ya zauna a daular Mali a 1352 zuwa 1353, ya koma gida ta Takadda, a yankin Agadas na yau. Ya shaidi mutanen Mali da ƙyamar zalunci, ya ce matafiyi ba ya tsoron ɓarawo, kuma idan baƙon Balarabe ya mutu ba a taɓa dukiyarsa, sai a damƙa ta ga amintacce har magajinsa ya zo. Ga zafin nan dai, amma ga amana. Ashe rana ba ta da laifi.

Inda ƙasa ke da hannu shi ne wajen nuna wa mutane halin da ba za su rayu ba sai da shi. Ayarin gishiri da ke keta Tenere daga Agadas zuwa Fashi da Bilma dole ya bi madugu, dole a raba ruwa da adalci, in ba haka ba kowa ya halaka. Kakanninmu fatake da ke zuwa Salaga a ƙasar Gwanja sayen goro kan yi watanni a hanya, babu banki, babu kotun da ta haɗa garuruwan. Fatoma ne ke saukar da baƙo, ya ajiye masa kaya, ya nemo dillali, ya tsaya wa mai karɓar bashi. A 1969 wani masani, Abner Cohen, ya bayyana yadda masu gida a Sabon Ibadan ke sayar da shanun Arewa bashi ga mahauta, suna ɗaukar nauyin kuɗin a wuyansu. Nisan hanya ne ya sa sunan kirki ya zama jari.

Iyakar da muke zaune a bakinta kuwa Turawan Ingila da Faransa ne suka shata ta da yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, ta ratsa tsakanin Maraɗi da Katsina, 'yan uwan juna. Tun daga nan doka ta zama biyu, kuɗi biyu, nan duwan, can kwastan. Abin takaici, wasu daga cikinmu sun ɗauka lamiri ma biyu ne. Mutum ya karɓi kaya bashi da naira, ya tsallako ya ɓace, don ya san sammaci ba ya ƙetare iyaka. Wani ya auna da cikakkiyar tiya a garinsu, ya sake mudu idan ya ga baƙo. Wani ya shigo da maganin da ba zai yarda ɗansa ya sha ba.

Mun ga jarrabawa sau biyu. Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, sai a Maris na 2024 aka buɗe. Kaya sun ruɓe a cikin motoci, jari ya karye. A irin wannan lokaci ne ake gane wanda ya nemi mai bin sa ya roƙi jinkiri, da wanda ya kashe waya. Kasuwa ba ta mantuwa, kuma da hanya ta buɗe kowa ya girbi abin da ya shuka.

Saboda haka kafin mu ce mutanen gari kaza macuta ne, mu duba tiyarmu tukuna. Haƙƙin baƙo daidai yake da na ɗan gari, ko da naira aka yi cinikin ko da sefa. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka.