Daga Minneapolis zuwa Anka: wa ake yi wa kuka idan hukuma ta yi kisa?

Ranar 25 ga Mayu, 2020, ɗan sanda farar fata, Derek Chauvin, ya danne wuyan George Floyd, baƙar fata, da gwiwa fiye da minti tara a birnin Minneapolis na Amurka har ya cika. Wata yarinya 'yar shekara 17 ce ta ɗauki bidiyon da wayarta. Cikin kwanaki kaɗan zanga-zanga ta mamaye ƙasar, kuma fararen fata da yawa suka shiga ciki.

A nan ne aka riƙa maganar nadamar fararen fata, wato kunyar da wasunsu ke ji cewa tsarin da ke ba su kariya shi ne ke murƙushe baƙaƙe. Wasu sun sanya baƙin hoto a Instagram, wasu kamfanoni sun fitar da sanarwar alhini. Amma ba wannan ce ta ɗaure Chauvin ba. Bidiyo da shaidu da kotu ne suka kai ga ɗaurin shekara 22 da rabi da aka yanke masa a 2021. Ƙudirin gyaran aikin 'yan sanda mai ɗauke da sunan Floyd kuwa ya maƙale a Majalisar Dattawa bayan hayaniya ta lafa.

Mu a nan ba launin fata ke raba mu ba. Ƙabila da aƙida da nisa daga birni ne ke tantance gawar da za a yi wa kuka. A Disamban 2015, sojoji sun kashe 'yan Shi'a a Zariya. Kwamitin binciken da gwamnatin Kaduna ta kafa ya tabbatar an binne gawa 347 a rami guda, ya kuma ba da shawarar a hukunta masu hannu. Ba a gurfanar da soja ko ɗaya ba, kuma mafi yawanmu muka yi gum, domin ba namu ba ne. A Janairun 2025, jirgin yaƙi ya hallaka aƙalla mutum 16 a Tungar Kara da ke Zamfara, yawancinsu 'yan sa-kai. Aka yi ta'aziyya, aka wuce.

Ga mutumin Tungar Daji a ƙaramar hukumar Anka, matsalar ta fi haka zurfi. Idan jami'i ko ɗan sa-kai ya harbe makiyayi aka ce ɗan bindiga ne, wa zai ɗauki hoto? A Satumban 2021 an katse layukan waya a faɗin Zamfara da sunan yaƙi da 'yan bindiga, wato ko hanyar aika shaida an toshe. Kalmar "ɗan bindiga" kan rufe bakin tambaya, musamman idan mamacin Bafulatani ne.

Darasin Minneapolis shi ne kisa yana zama shari'a ne idan waɗanda abin bai shafa ba suka tsaya a kai, suka kuma daure bayan an daina yayinsa. Jin kunya kawai ba ya buɗe fayil. Abin da ke buɗe shi shi ne sunan mamaci, ranar da aka kashe shi, rundunar da ke wurin, da ƙorafi a rubuce gaban Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. Wannan aiki ne da matashi mai waya da alƙalami zai iya farawa, ko da mamacin ba ɗan garinsu ba ne.