Mayar wa Tsohuwar A-kori-kura Agogonta na Kamfani

Duk wanda ya saba zama a gaban tsohuwar a-kori-kura, musamman Toyota Hilux ta shekarun 1980 da 1990, zai iya tuna wani ɗan murfin roba a jikin dashbod, wanda ba maɓalli ba ne, ba kuma wurin ajiye kaya ba. Gurbin agogo ne. Kamfani ya tanadi wurin, amma da yake motar ta aiki ce mai sauƙin kuɗi, sai aka toshe shi, aka bar agogon ga masu sayen samfurin da ya fi tsada. Haka abin yake a motocin ɗaukar kaya na Chevrolet da aka ƙera a Amurka tsakanin 1973 da 1987: wanda ya ƙara kuɗi a sa masa agogo, wanda bai ƙara ba a bar masa fili.

Wani zai ce mene ne amfanin cike wannan gurbi alhali kowa na da waya a aljihu. Direban da ya ɗauko tumatir daga Kadawa kafin asuba, ko ya yi lodin hatsi a Dawanau yana son ya isa kafin kasuwa ta tashi, ya san amsa. Lalubo waya ana tsakiyar tuƙi ɗauke ido ne daga titi, kuma laifi ne da jami'an kiyaye haɗurra ke kama mutane a kansa. Agogon da ke gabanka kuwa, kallo ɗaya ya isa ka san ko za ka riski azahar a gari na gaba.

Sai dai akwai abin da ya kamata mai mota ya sani kafin ya ɗauki sukudireba. Agogo na cikin 'yan na'urorin mota da ba sa barci. Ko an zare makulli an kulle ƙofa, yana nan yana shan wuta daga batir dare da rana. Don haka ƙanƙantarsa ba ta sa aikinsa ya zama na wasa ba. Wayar da ke ɗauke da wuta kullum, idan aka haɗa ta da ganganci, tana iya kashe batir, tana iya ƙone motar ɗungurungum.

Abin da ke bugawa a ciki

Kafin shekarun 1970, yawancin agogunan mota na ƙarfe ne, masu haƙora da sifirin, irin waɗanda ake yi wa wani. Bambancin kawai shi ne lantarki ke yin wanin, ba hannu ba. Idan sifirin ya kusa saki, wasu ƙananan bakunan ƙarfe biyu sai su haɗu, wuta ta shiga wani naɗin waya, ya zama maganaɗisu, ya fizgi sifirin ya sake ɗaure shi. Bayan kowane 'yan mintoci sai a ji ƙas a cikin dashbod. Kamfanoni irin su Borg a Amurka, Kienzle da VDO a Jamus, da Jaeger a Faransa sun yi fice wajen ƙera agogunan mota. Wasunsu ma suna da wata dabara: duk lokacin da ka tura hannun agogon gaba don gyara lokaci, shi da kansa zai ɗan ƙara sauri, idan ka mayar da shi baya ya ɗan rage.

Rauninsu a wurin batir yake. Idan batir ya yi sanyi, maganaɗisun ba zai sami ƙarfin raba bakunan nan biyu ba, sai su liƙe, wuta ta yi ta gudana har naɗin wayar ya ƙone. Shi ya sa a motar da ta daɗe a ajiye, agogo kan riga sauran kaya mutuwa.

Dutsen kwatz, wanda ake ganin sunansa a fuskar agogunan bango, shi ya kawo ƙarshen wannan matsala. A 1880 wasu 'yan'uwa biyu Faransawa, Jacques da Pierre Curie, suka gano cewa idan aka matse wannan dutse yana fitar da lantarki, daga baya kuma aka tabbatar cewa idan aka ba shi lantarki yana motsi. A 1927 Warren Marrison da J. W. Horton suka haɗa agogon kwatz na farko a ɗakin binciken Bell a Amurka, sannan a Disamban 1969 kamfanin Seiko na Japan ya fitar da na hannu. Ɗan yankin dutsen da ke cikin agogon hannu yana kaɗawa sau 32,768 a sakan guda. Ba a zaɓi wannan adadi da ka ba: idan aka yi ta raba shi biyu har sau 15, ɗaya zai rage, wato bugu ɗaya a kowane sakan.

Amma mota ba tsintsiyar hannu ba ce. Irin wannan dutse ya fi yin daidai a zafin digiri 25, kuma da zarar zafi ya ƙaru ko ya ragu sai ya fara jinkiri. Dashbod ɗin motar da aka bari a rana cikin watan Afrilu kan wuce digiri 60, kuma da zafin zai tsaya a nan, agogon zai riƙa yin baya da kusan sakan uku da rabi a kowace rana. Wannan ne ya sa agogunan mota da yawa ke amfani da dutsen da aka yanka ta wata fuska daban, mai kaɗawa sau 4,194,304 a sakan, wanda ya fi jure sauyin zafi. A nan agogon kamfani ya fi ɗan agogon roba mai gam da ake sayarwa a bakin titi: an ƙera shi ne da sanin zafi, girgiza da hawa da saukar wutar mota. Na bakin titi kan yi baƙi a rana, gam ya narke, ya faɗo ƙarƙashin birki. Araha ba ta ado.

Wayoyi huɗu, kowace da aikinta

Agogo mai lambobi masu haske, irin na Toyota, galibi wayoyi huɗu ke shiga bayansa. Ta farko tana kawo wuta daga batir ko da yaushe, ita ke riƙe lissafin lokaci. Ta biyu ba ta samun wuta sai an murɗa makulli, ita ke kunna lambobin. Ta uku tana tare da ƙananan fitilu, aikinta ta rage hasken lambobin da dare don kada su kashe wa direba ido. Mutane da yawa kan ɗauka agogon ya lalace idan suka ga ya dushe bayan sun kunna fitila, alhali aikinsa yake yi. Ta huɗu ita ce negatib, wadda ke komawa jikin ƙarfen mota. Agogo mai hannu kuwa uku sun ishe shi: ta batir, ta negatib, da ta ɗan ƙwan da ke haska fuskarsa.

Raba ta farko da ta biyu ba ƙawa ba ce, lissafi ne. Ɓangaren da ke ƙirga lokaci kaɗan yake sha. A ce yana jan miliamfiya 5, a wata guda bai kai amfiya-awa 4 ba, abin da batir mai 60 ko 70 ba zai ji ba. Amma a ce an haɗe wayoyin biyu wuri ɗaya, lambobi na ci dare da rana suna jan miliamfiya 150, to abin da ake sha a wata sai a shanye shi a kwana ɗaya. Motar da ta yi kwana goma a ajiye sai an tura. Kuskuren da ke kishiyar wannan shi ne a ɗora duka a kan wayar makulli: batir zai huta, amma kullum aka tada mota agogo zai koma ƙarfe 1:00.

Wannan komawa 1:00 ma saƙo ne ga mai lura. Idan agogon da aka haɗa daidai ya fara mantuwa a duk lokacin da aka tada inji, to ko batir ya fara gajiya, ko kansa ya yi sako-sako, ko ya yi gishiri. Agogo kan faɗi wannan tun kafin ranar da mota za ta ƙi tashi a tsakiyar daji.

A kasuwar kayan gyara

Sabon agogon motar da ta shekara talatin ba ya samuwa cikin sauƙi, don haka sai a nufi wurin masu kayan da aka ciro daga tsofaffin motoci, irin Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna ko Ladipo a Legas. A tafi da murfin da aka ciro daga gurbin, domin a gwada girma da wurin maƙalewa, tunda agogon wata shekara ba lalle ya shiga dashbod ɗin wata ba. A roƙi mai kaya ya yanko soket ɗin tare da ɗan tsawon wayoyinsa. Kada kuma a biya kuɗi sai an gwada shi a kan batir an ga lambobi sun kama duka, ba tare da wani ya gutsure ba.

Wanda ya ƙi kamawa ba lalle ne ya mutu ba. Sananniyar cutar waɗannan agoguna ita ce tsagewar dalma a ƙafafun wasu ƙananan kayan ciki da ke ɗaukar zafi. Mai gyaran rediyo da ya san hannunsa zai sake liƙe su cikin 'yan mintoci.

A kuma tabbatar da irin wutar motar. Wasu motocin dizal volt 24 suke amfani da shi ba 12 ba, kuma tsofaffin motocin Ingila da dama, har da Land Rover na kafin ƙarshen shekarun 1960, fosatib ne ke haɗe da jikinsu ba negatib ba. Agogon kwatz ba ya yafe kuskuren haɗa shi da wutar da ba tasa ba.

Ranar aiki

A ɓamɓare murfin a hankali da bakin sukudireba da aka naɗe da tsumma, domin robar da ta sha rana shekara da shekaru ba ta da wuyar karyewa. Daga nan a haska tocila cikin ramin. Sau da yawa za a tarar da soket ɗin agogo a naɗe da salatif a jikin damin wayoyi, yana jira tun daga masana'anta. Dalili shi ne ya fi wa kamfani sauƙi ya yi damin wayoyi iri ɗaya ga samfurori da yawa da ya yi wa kowanne nasa. Idan aka yi wannan dace, aikin ya kusa ƙarewa.

Ko da an samu, a gwada kowane baki da mita ko fitilar gwaji. Makulli a zare, bakin farko ya nuna wajen volt 12 da ɗigo shida. A murɗa makulli, na biyu ya kawo wuta. A kunna ƙananan fitilu, na uku ya amsa. Idan na farko shiru, a duba fis, wanda a Toyota galibi shi ne mai ba fitilar rufin ciki wuta. Launin waya na taimakawa, misali fara mai baƙin layi a Toyota ita ce negatib, a motocin Jamus kuma ruwan ƙasa, amma motar da ta ratsa hannun masu rewaya goma ba a yarda da launinta sai an gwada.

Bayan gwaji, kafin a yanka ko a haɗa komai, a cire kan batir na negatib. Shi ake fara cirewa, shi ake mayarwa a ƙarshe, domin muddin yana haɗe, sifanar da ta taɓa fosatib da jikin mota lokaci guda za ta yi tartsatsi. A motocin da ke da jakar iska, wayoyi da soket masu launin rawaya nata ne, ba a taɓa su.

Inda babu soket, sai a ja sabbin wayoyi daga akwatin fis, kuma a nan ne ake gane ƙwararre. Ya sa ƙaramin fis, na amfiya 2 ko 3, kusa da inda ya ɗebo wutar. Ya liƙe mahaɗa da dalma ko ya matse ta da kan waya, ya rufe da kyau, ya ɗaure wayar nesa da bakin ƙarfe mai kaifi da sandar sitiyari.

Inda ake yin ɓarna

Abin da aka fi gani a garejinmu shi ne a feɗe bayan wata waya da reza, a murɗa sabuwa a kai, a naɗe da salatif ɗin da zafi zai warware kafin damina. Mafi muni shi ne fis ya ƙone a naɗa masa zaren waya ko takardar sigari. Fis mai gadi ne da aka ajiye a ƙofa domin ya faɗi kafin ɓarawo ya kai ga masu gida. Idan aka maye shi da abin da ba ya ƙonewa, wayar ce za ta yi ja, robarta ta narke, ta kama na kusa da ita. Kuma tunda wayar agogo na da wuta ko mota na kashe, gobarar na iya tashi da tsakar dare, motar na cikin gida, kowa na barci.

Waɗannan motoci sun cancanci a kula da su fiye da haka. Hilux tun 1968 ake ƙera ta, Peugeot 504 kuwa an yi shekaru ana haɗa ta a masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975, kuma har yau su ke kai taki gona, su fito da amfanin gona kasuwa a hanyoyin da sabbin motoci ke tsoro. Injinsu da ƙarfensu na da sauran kwana. Abin da ke kashe su da wuri, sau da yawa, wayoyin da aka yi wa ɗaurin talala ne.

Don haka, mai mota, idan za ka sa agogo, nemi na kamfani, ka sa a duba soket ɗin asali kafin a taɓa reza, kuma ka tsaya a kan aikin har ka ga fis da idonka. Kai kuma mai rewaya, yaron da ke riƙe maka tocila yana kallon hannunka, kuma yadda ya ga ka haɗa waɗannan wayoyi huɗu haka zai haɗa na motocin mutane gobe. Koya masa daidai.