3.4 Aibin Mota da Rikicin Gyara a Ƙasar Wurno

A sashen da ya gabata an yi bayanin yadda mota ke shigowa hannun mai ita. A nan kuma za a dubi abin da kan biyo baya idan aka tarar da aibi a jikinta, ko aka kai ta gyara ba ta gyaru ba.

Da farko ya kamata a fahimci cewa mutumin Wurno, kamar takwarorinsa na Birnin Kudu da Gwaram, ba kasafai yake sayen sabuwar mota daga kamfani ba. Bayan da kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975, ma'aikaci kan sami sabuwa dal tare da takardar garanti, wato alkawarin gyara kyauta na wani ɗan lokaci. Amma daga 1986, da darajar naira ta faɗi, sai kasuwa ta koma ga motocin da aka riga aka mora a Turai, waɗanda ake kira Baljiyam ko 'yan Kwatano. Irin waɗannan su ake sayowa a Kano, ko kuma a sayi ta hannu a wurin wani direba. Ba su da garanti. Madogarar mai saye ita ce bakin dillali da shaidun da aka yi ciniki a gabansu.

Aibin mota iri biyu ne. Akwai na fili, kamar tsagewar gilashi ko suɗewar taya, wanda ba a jayayya a kansa tunda ido ya gani. Akwai kuma ɓoyayye, wanda shi ne tushen rigima. Misali, idan ringin inji ya cinye, mota takan sha baƙin mai tana fitar da shuɗin hayaƙi. Wasu masu sayarwa sai su ɗura mata mai mai kauri don hayaƙin ya lafa, ƙarar injin ta ragu. A ɗan zagayen gwaji cikin gari ba za a gane komai ba. Sai an yi mata lodin buhunan hatsi an kama hanyar Kano, inji ya ɗauki zafi, sannan asiri ya tonu. Haka nan idan gasket ya ƙone, ruwan lagireto kan haɗu da baƙin mai, man ya koma kamar koko.

A nan ne yawancin masu saye ke yin kuskure. Da zarar mota ta nuna alama, sai mai ita ya garzaya gareji a buɗe inji, don tsoron kada sammakon kasuwa ya wuce shi. To, a fiƙihun Malikiyya, wanda shi ne alƙalan ƙasar ke bi, mai saye yana da zaɓin mayar da haja saboda tsohon aibin da aka ɓoye masa. Sai dai idan ya ga aibin kuma ya ci gaba da morar abin, ana ɗaukar wannan a matsayin ya yarda. Bugu da ƙari, da zarar wani bakanike ya sa sifana, mai sayarwa ya sami bakin cewa lafiya lau ya ba da motarsa, a gareji aka ɓata ta. Saboda haka abin da ya fi shi ne a ajiye motar, a nemo dillali, domin cin la'ada ya ɗora masa nauyin sasantawa. Galibi ba a warware ciniki gaba ɗaya, sai dai a rage wani abu daga kuɗin gwargwadon aibin.

Rikicin gyara kuwa ya fi yawa a kan kayan gyara. Mai mota kan ba da kuɗin sabon kaya, a tafi Kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano a sayo na gwanjo ko jabu, bayan mako biyu ciwo ya dawo. Ba kullum ne laifin bakanike ba, domin wani mai motar shi da bakinsa yake cewa a lallaɓa masa da mai araha. Al'adar gareji dai ita ce, idan aiki ya dawo a kurkusa, ba a sake biyan kuɗin hannu, amma kaya na wuyan mai mota. Direbobin da suka goge sukan sayo kayan da kansu, su kuma karɓi tsohon da aka cire.

Idan abin ya faskara akan kai ƙara gun shugabannin ƙungiyar kanikawa, ko na ƙungiyar direbobi idan motar haya ce, daga nan sai dagaci, sannan kotu. Malikiyya ta ɗora wa mai sana'a lamunin abin da ya salwanta a hannunsa, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid. Akwai kuma dokar tarayya ta kare haƙƙin masu saye, wadda aka sa wa hannu a 2019, da ta ba mai saye damar neman gyara ko musanya ko mayar da kuɗi. Amma shigar da koke a ƙarƙashinta yana son rasit ko wata shaida a rubuce, alhali yawancin cinikin mota da aikin gareji a wannan yanki da fatar baki ake ƙulla su.