Littafin Tela da Littafin Meri

Duk telan da ya san aikinsa yana da littafi. Galibi tsohon littafin 'yan makaranta ne, bangonsa ya yi baƙi da man keke, an rataye shi da zare a jikin ƙusa ko an cusa shi ƙarƙashin tarin ƙyallaye. A ciki akwai sunan mutum da lambar wayarsa, sai jerin lambobi: tsawo, kafaɗa, hannu, wuya, ƙugu. Wani wuri a gefe an rubuta "saura jaka biyu". Wanda ya iya karanta wannan littafi ya san wa ya ajiye teɓa tsakanin ƙaramar salla da babba, wa ciwo ya ramar, wace amarya aka sake wa awo wata huɗu bayan biki, wane Alhaji ne kuma ake bi kuɗin ɗinki tun bara. Ba wanda ke sa tela rantsuwa kafin ya miƙa masa kafaɗa. Amma kowa ya san abin da ake jira daga gare shi, kuma telan da ya kai zancen ƙugun matar wani teburin mai shayi, kekensa zai yi ƙura kafin salla ta zagayo.

Ofishin da ke ba da izinin sana'a shi ma awo yake ɗauka, sai dai ba da igiyar awo ba. Ga saurayi daga Tumbutu, ba ta Mali ba, ɗaya daga gundumomi biyar na ƙaramar hukumar Malanbil a jihar Alibori ta arewacin Jamhuriyar Benin, tare da Garu, Gene, Madekali da Malanbil ɗin kanta. An girbe shinkafa, ya haɗa 'yan kuɗinsa ya sayi babur, yana so ya shiga kabu-kabu, abin da mutanen kudu ke ce wa zemijan, ya riƙa kai mutane da buhunan albasa kasuwar Malanbil. Kafin ya ɗauki fasinja hankalinsa kwance, sai ya bi ta hannun masu awo daban-daban. Takardar shaidar ko shi wane ne tana wurin hukumar ANIP. Lambar babur da lasin tuƙi suna wurin ANaTT, hukumar sufurin ƙasa. Sannan ga ma'aikatar magajin gari, meri, wadda a garuruwan Benin ita ke karɓar harajin 'yan kabu-kabu ta yi musu rajista, a ba mutum lambar da zai buga a bayan rigarsa. A Kwatano rigar rawaya ce, sauran garuruwa kowa da launinsa. A kowace ƙofa zai bar suna, sunan uwa da uba, ranar haihuwa, unguwa, lambar waya, hoto, da lambar babur.

Babban awon an ɗauke shi ne tun daga 1 ga Nuwamba 2017 zuwa ƙarshen Afrilu 2018, lokacin rajistar da aka kira RAVIP. Ma'aikata sun bi ƙauyuka da na'ura, aka ɗauki hoton fuska da zanen yatsu na mutane sama da miliyan 10. Waɗanda ba su da takardar haihuwa, kuma suna da yawa a yankunan karkara irin na Malanbil da ke bakin kogi, an rubuta su ne bisa shaidar mutanen da suka san su. Daga nan kowa ya samu lamba ɗaya tasa ta har abada, NPI. Ba na cikin masu kukan wannan aiki. Wanda ya taɓa yin sintiri tsakanin ƙauye da gari saboda takarda guda da aka ce ba a gani ba, ya san darajar lambar da za a danna sunansa ya fito. Abin lura dai shi ne, da can littafin meri daban, na haraji daban, na 'yan sanda daban, ba wanda ya san abin da ke cikin na wani. Yanzu lamba ɗaya ta ratsa su duka. Kamar a ce telan riga da na wando da mai hula da mai takalmi sun haɗa littattafansu wuri guda: wanda ya buɗe shafi ɗaya ya ga mutum tun daga kai har ƙafa.

Doka ba ta yi barci a kan wannan ba. Benin tana cikin ƙasashen Afirka ta Yamma da suka riga wasu, domin tun 2009 ta yi dokar kare bayanan mutane ta kuma kafa hukumar CNIL. A 2018 aka zuba wannan cikin babban kundin dokokin zamani mai lamba 2017-20, hukumar ta koma APDP. ECOWAS ma ta fitar da nata tsari a 2010, Nijar ta yi tata doka a 2017, Nijeriya kuma sai a Yunin 2023. Kundin na Benin Faransanci ne mai nauyi, amma in an sauke shi ƙasa, yawancinsa ladabin tela ne da kowace tsohuwa ta sani.

Ka kai hula, tela ya jawo igiya ya nufi ƙugunka. Za ka ce, "Malam, hula na kawo, me ya kai ka can?" Doka ma cewa ta yi kada a karɓi bayanin da ya wuce buƙatar aikin. Rajistar ɗan kabu-kabu tana buƙatar a san shi, a san babur ɗinsa, a san inda za a same shi. Ba ta buƙatar sanin ko shi Dandi ne, Bazabarme, Bafillace ko Bahaushe, balle ɗariƙarsa ko jam'iyyarsa. Irin waɗannan doka ta ware su a matsayin bayanai masu hatsari, ba a taɓa su sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Matsalar ita ce mai cika takarda ba ya tambaya. In an zana layi a takardar gwamnati, cika shi zai yi, ko da an tambaye shi abin da ya ci jiya.

Sai abin da aka ɗauki awon dominsa. An auna ka don a ɗinka maka riga, ba don a gaya wa mai sayar da maganin teɓa inda kake ba. Wannan shi ne wurin da na fi jin tsoro, domin jerin sunayen 'yan kabu-kabu na gari guda, da lambobin wayarsu da unguwanninsu, kaya ne mai tsada. Dillalin babura yana so. Masu ba da rance suna so. 'Yan damfarar da ke bugo waya su ce kuɗi sun shigo maka bisa kuskure ka mayar, su ma suna so, kuma wanda ya kira ka da cikakken sunanka da na mahaifinka ya riga ya ci rabin cinikin. Uwa uba 'yan siyasa, tunda a Benin ba a gangamin zaɓe ba tare da ayarin 'yan zemijan ba. Wanda ya ba meri lambarsa don biyan haraji bai ba ta don a kira shi taron wani ɗan takara ba, ko da kuwa ɗan takarar shi ne ke zaune a kujerar magajin gari.

Mutane sukan ɗauka ɓarnar tana faruwa ne a can Kwatano, wani gwanin kwamfuta ya fasa rumbun gwamnati da tsakar dare. Hakan na iya faruwa. Amma asirin littafin tela ba ɓarawo ke tona shi ba, yaran shago ne, masu sa maɓalli da guga, waɗanda littafin ke hannunsu in maigida ya tafi masallaci. Tun da aka buɗe shafin ayyukan gwamnati na intanet a 2020, takardu da yawa ta waya ake nemansu. Manomin da bai yi lakwal ba kuwa ba zai iya ba, sai ya je shagon mai kwamfuta ko ya sami ɗan kamasho. Ga yadda abin ke gudana: "Baba, kawo katin in ɗauka." Yaro ya ɗora katin a cinya ya ɗauki hoton gaba da baya, ya tura wa wani ta WhatsApp, wancan ya tura wa na gaba. An gama aiki, Baba ya biya ya yi godiya har da sa albarka. Hoton katinsa yana nan cikin wayoyi uku, tsakanin hotunan biki da na ƙwallo, har ranar da za a sayar da wayar ko a kai ta gyara.

Takarda ma haka. Na taɓa sayen ƙosai a wata tasha aka naɗe mini shi a fotokofin katin shaidar wata mata. Mai ya jiƙa rabin fuskarta, amma sunanta da ranar haihuwarta da lambarta suna nan raɗau. Ba mugunta aka yi mata ba. Inji ne ya fitar da kofin da duhu, mai shago ya jefa shi kwali, kwalin ya cika aka sayar wa mai ƙosai. Dokar Benin ta shafi takardun da ke jere cikin kabad kamar yadda ta shafi na kwamfuta, ta kuma ce kada a riƙe bayani fiye da lokacin da ake buƙatarsa. Ashana ɗaya ta isa wannan aiki, ba sai an jira tallafin Bankin Duniya ba.

Maƙwabta sun ga irin wannan da girma. A 2024 'yan jarida da ƙungiyar Paradigm Initiative sun nuna wasu shafukan intanet da ke sayar da bayanan 'yan Nijeriya masu alaƙa da lambar NIN, wani a kan Naira 100 kacal. Hukumar NIMC, mai ba da lambar, ta ce ba a fasa rumbunta ba. Ko da an ɗauki maganarta yadda ta faɗa, ba ta kwantar da hankali, don ma'anarta ita ce kayan ta hannun waɗanda aka ba mabuɗi suka fita.

A Malanbil abin ya wuce zancen damfara. Tun juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 gadar da ta haɗa garin da Gaya ta Nijar ta daina zama abin da aka sani. Benin ta buɗe nata gefen bayan ECOWAS ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, Nijar ta bar nata a rufe, mutane da kaya suka koma kwale-kwale. Ga kuma 'yan bindigar da ke fitowa daga dajin W, waɗanda su ma babur ne abin hawansu. A irin wannan hali jami'an tsaro suna da hujjar son sanin babur kaza na wane ne, kuma doka ta bar musu ƙofa. Ban ga laifin hakan ba, in dai ta ƙofar aka shiga, da takarda da sa hannu, aka kuma rubuta wa ya duba, yaushe, don me. Abin da ba shi da kyau shi ne littafin ya zama na kowa, duk mai kaki ko mai sanayya ya leƙa. A wurin da zargin kai rahoto ga hukuma ke iya jawo wa mutum baƙin dare, jerin da ke nuna suna da ƙauye da lambar waya ba abin bari a kan tebur ba ne.

Nan ne misalin tela ya gaza. Tela yana riƙe amana ne don tsoron Allah, da kuma tsoron telan da ke kusa da shi. In ya ɓata maka, ka naɗe yadinka ka tsallaka layi. Meri kuwa ɗaya ce, ANaTT ɗaya ce, kuma ba ka isa ka ce ba za a auna ka ba. Zanen yatsa kuma ba riga ba ne da za a sake ɗinka wata in ta yage. Shi ya sa aka kafa APDP ta tsaya a madadin wancan telan na kusa: ana kai mata ƙara, tana bincike, tana iya cin tara. Doka ta ba kowa damar ya tambayi ofis abin da aka rubuta a kansa, ya nemi a gyara kuskure, a kuma sanar da shi in bayanansa sun fita. Ta wajabta wa hukumomin gwamnati su naɗa jami'in da zai kula da wannan. Sai dai APDP tana Kwatano, sama da kilomita 700 daga bakin kogi, kuma da Faransanci take magana. Mutumin Tumbutu da Dandanci ko Hausa ko Fulatanci yake kuka. Tun gyaran 2022 da ya ɗora tafiyar da ma'aikatun meri a wuyan sakataren zartarwa, aƙalla an san kujerar da za a tunkara. Da za a sami ma'aikaci ɗaya a ofishin gunduma da aka ce wannan aikinsa ne, a kuma faɗa a rediyon gari da harshen mutane, da ya fi taron bita goma a otal.

Haƙƙin gyara shi ne wanda talaka zai fi mora, don awo yana tsufa. A ƙarshen Nuwamba 2024 lambobin wayar Benin suka koma guda 10, aka ƙara 01 a gaba, duk littafin da aka cika kafin nan ya zama tsohon yayi dare ɗaya. Ga sunan da aka rubuta iri uku a takardu uku, Yusufu a nan, Isufu a can, wanda kan tsayar da mutum a gaban tebur wuni guda. Mafi muni shi ne babur ɗin da aka sayar. A kasuwa ciniki ya ƙare da an tafa hannu an ce Allah ya sa albarka, amma a rumbun ANaTT da littafin meri babur ɗin yana nan da sunan mai shi na farko. Ya sauya hannu sau biyu, ya haye kogi cikin kwale-kwale, wata rana a tsince shi inda aka yi ta'asa. 'Yan sanda lamba za su bi, lamba kuma ƙofar wanda ya sayar za ta kai su. Sauya sunan yana cin kuɗi da zirga-zirga, shi ya sa ake ƙyale shi, mai saye ya ce gobe, mai sayarwa ya ce ai ba komai, mun san juna. Wanda zai sayar da babur a Tumbutu, gara ya rage wani abu a farashin, ya riƙe mai sayen su tafi ofis tare kafin ya miƙa makulli.