Kafin Ka Haɗa Manhajarka Da Ta Kamfani, Duba Lasisi

A watan Fabrairun 2017 babbar kotu a Landan ta yanke wani hukunci da ya kamata duk mai rubuta manhaja ya sani. Kamfanin SAP na Jamus ne ya kai ƙarar Diageo, babban kamfanin abubuwan sha na Ingila, yana neman fam miliyan 54 da ɗoriya. Diageo dai yana biyan kuɗin lasisin manhajar SAP da yake tafiyar da harkokinsa da ita. Inda aka samu saɓani shi ne wasu manhajoji biyu da ya gina a kan Salesforce, ɗaya ta wakilan tallansa, ɗaya kuma ta kwastomomi masu yin oda. Waɗannan mutane ba sa ganin allon SAP ko kaɗan, amma odar da suka tura can take sauka. Kotu ta ce bisa yarjejeniyar da aka sa wa hannu, su ma masu amfani ne, kuma dole a biya musu lasisi.

Irin wannan manhaja ana kiranta ERP. Ita ce ke riƙe da lissafin kaya, ciniki, albashi da basussuka a wuri guda. Da can ma'aikata kawai ke taɓa ta, don haka lissafin mai sauƙi ne: mutum hamsin, lasisi hamsin. Yanzu da waya ta shiga hannun kowa, dillali na son ganin ragowar kaya, kwastoma na son rasidinsa, mai kawo kaya na son sanin ranar biyansa. Duk waɗannan 'yan waje ne, kuma kowane kamfanin manhaja da yadda yake ƙirga su.

Hanya ta farko ita ce biya kan kowane mutum ko kowace na'ura. A Windows Server na Microsoft, wannan lasisin shi ake kira CAL. Idan 'yan wajen ba su wuce goma ko ashirin ba, ba laifi. Da zarar sun kai dubbai, kuɗin ya fi ƙarfin aljihu.

Ta biyu ita ce biya kan saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da manhajar. Microsoft na sayar da External Connector, lasisi ɗaya ga kowace saba, 'yan waje kuma su shiga komai yawansu. Ma'aikatan kamfanin ba sa cikin wannan rangwame.

Ta uku ita ce biya kan aikin da aka yi. Bayan ce-ce-ku-cen da shari'ar Diageo ta jawo, SAP ya fito da tsarin Digital Access a watan Afrilun 2018. A nan takardu ake ƙirgawa, iri tara, ciki har da odar sayarwa, odar saye da takardar neman biya. Ana lissafa takarda ne lokacin da aka ƙirƙire ta, karanta ta ba ya shiga lissafi.

Ta huɗu ita ce ƙofar kwastoma kyauta. A Odoo, ma'aikatan ciki ake biya wa, kwastoman da ya shiga duba odarsa ko rasidinsa ba a cajin komai a kansa. ERPNext kuwa buɗaɗɗiyar manhaja ce, idan ka ɗora ta a sabarka babu kuɗin kai, sai dai ɗawainiyar sabar da tsaronta suna wuyanka.

Akwai wata dabara da ke zuwa wa yawancinmu masu koyon rubuta manhaja da kanmu: a buɗe asusu guda, manhajar waya ta riƙa shiga da shi a madadin kowa. A fasahance yana aiki lafiya lau. Amma sharuɗɗan Microsoft sun faɗa ƙarara cewa tara mutane a bayan asusu ɗaya ba ya rage yawan lasisin da ake buƙata. Ranar da aka zo binciken lasisi, mutanen za a ƙirga, kuma kamfanin da ya ba ka aikin zai waiwayo kanka.

Saboda haka kafin ka rubuta layin farko, nemi kwafin yarjejeniyar lasisin ka karanta inda aka fassara "mai amfani". Tambayi mutum nawa za su shiga bana, nawa kuma nan da shekara biyu, sannan ko dubawa kawai za su yi ko har da tura oda. Ka tantance matsayin 'yan kwangila da wakilan talla, domin sau da yawa ana ɗaukarsu a matsayin ma'aikata. Amsar da mai sayar da manhajar ya ba ka kuwa, ka tabbata ta zo a rubuce, ka ajiye ta tare da takardar kwangilarka.