Zoben da Tsohon Tauraro Ya Bari a Sama

Taurari ma suna tsufa. Idan tauraro irin ranarmu ya cinye makamashinsa, sai ya kumbura, ya tuɓe iskar gas ɗin da ke lulluɓe da shi ya watsar, ya bar ƙwayar cikinsa a fili. Haka ta faru a wani gajimare da masana ke kira Zobe, kusa da tauraron Vega, wanda Bafaranshen nan Charles Messier ya gani a 1779. Haskensa kan yi tafiyar shekara wajen 2,500 kafin ya iso mana.

Abin sha'awa shi ne launinsa, domin hawa-hawa yake. Ƙwayar da ta rage a tsakiya zafinta ya haura digiri 100,000, tana kuma fitar da wani haske mai ƙarfi da ido ba ya gani. Wannan haske ke fizge ƙwayoyin lantarki daga jikin zarrar gas. Idan suka dawo suka manne, ko suka yi karo da wata zarra, sai gas ya haskaka. To, na kusa da murhu shi ke shan zafi. A tsakiya har hiliyam, mai taurin kai, ana ƙwace masa nasa, wurin ya yi shuɗi. Gaba kaɗan oksijin ne da ya rasa biyu, ya ba da kore. A bakin zoben hasken ya raunana, ɗaya kawai yake iya ƙwacewa daga naitirojin, shi ya sa wurin ya yi ja.

Koren nan ya daɗe yana wahalar da masana. A 1864 William Huggins na Ingila ya ga alamarsa a wani gajimare irin wannan, aka zaci sabon sinadari ne, har aka raɗa masa suna nebuliyam. Sai a 1927 Ira Bowen na Amurka ya nuna ashe oksijin ne, wanda muke shaƙa kullum. Gas ɗin can ba shi da kauri ko kaɗan, shi ya sa yake ba da hasken da ba a saba gani a nan ƙasa ba.

A 2023 madubin hangen nesa na James Webb ya nuna dunƙulen gas wajen 20,000 a cikin zoben, inda hasken bai ratsa ba. Zoben kuwa buɗewa yake yi, kimanin kilomita 20 a kowace daƙiƙa, kuma nan da wasu dubban shekaru zai baje ya dushe.