Dillalin tattasai da ranar da jari ya karye

A kasuwar tattasai ta Diffa, dillali kan tura hannu cikin buhu, ya murza busasshen tattasai, ya san ko ya sha rana sosai ko an yi gaggawar ɗure shi. Wannan kowane yaron kasuwa zai iya koya. Babban aikin yana cikin littafin bashinsa.

Noman tattasai a bakin kogin Komadugu, daga Shetimari zuwa Geskeru har Bosso, da bashi ake fara shi. Manomi na buƙatar taki da man injin ban ruwa tun kafin ya ga ko ɗan ja ɗaya. Attajiri ne ke ba da kuɗin, sau da yawa a naira, dillali kuma ya tsaya a tsakani da mutuncinsa: in an tsinke, a biya da buhuna.

A watan Fabrairun 2015 Boko Haram ta kai hari Bosso da Diffa, aka kafa dokar ta-ɓaci. An hana hawa babur, an taƙaita taki da mai, an dakatar da fataucin tattasai, ƙauyukan bakin kogi suka watse zuwa gefen kwalta. Naira ta faɗi a 2016, ambaliyar 2019 kuma ta cinye gonaki. Jari ya karye a jere, na manomi, na dillali, na mai mota.

Doka ba ta yi shiru ba. Nijar na cikin OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, wadda dokarta ta karayar arziki, ta 1998, aka sabunta a Grand-Bassam a 2015. Ta tanadi sulhu, da farfaɗo da kasuwanci, da sayar da kadara a raba wa masu bin bashi, ta kuma haɗa har da manoma da ƙananan 'yan kasuwa. Amma tana neman takardu da lissafi rubutacce. Wane manomi ne zai kai kansa gaban alƙali ya ce ya tsiyace?

Saboda haka shari'ar kan dawo rumfar dillali. Ya tara masu bin bashi a kan tabarma, wani lokaci da liman ko mai unguwa. "Alhaji, a ɗaga masa zuwa baɗi," in ji shi, yana tuna musu umarnin addini na jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci. Wani ya yafe rabi, wani ya karɓi injin ban ruwa. A nan nake jin zafin abin, domin manomin da aka raba da injinsa an raba shi da hanyar biyan sauran, kuma mai ƙaramin bashi, kamar matar da ta ba da kuɗin adashinta, ita ake mantawa wajen rabo. Dillalin kirki da ita yake fara lissafi, ko da la'adarsa ce za ta tafi.